Jeren da Na Yi wa Yayana a Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo sayen kwano sai ta tambaye ni Kwatano, wadda ta zo ɗiban wuta sai ta tambaye ni Kwatano. Duk kuwa wadda ta shiga ɗakina ta ga hotunan ruwan nan guda uku a bango sai ta riƙe haɓa: "Mairo, ke da kike yi wa amaren Azare jere, me ya kai ki rataya ruwa a ɗaki? Ko mutum ɗaya babu a ciki!" To ku gyara zama, yau zan faɗa sau ɗaya, wadda ba ta nan a ba ta labari, ni bakina ya gaji. Akwai abin da na yi alkawarin rufewa, amma ya riga ya buɗu, kuma ba ni na buɗe shi ba.

Kun san ni ba mai yawo ba ce. Iyakata Kano, in saro kwanuka da samira in dawo. Innarmu ce ta tayar da ni. Idonta ya daɗe yana ja baya, muka kai ta wajen likitan ido a Kano, ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ma saura kaɗan. Muka mayar da ita gida Katagum. Sai da na ɗauki mayafi zan komo Azare ta kira ni.

"Mairo, yayanki fa?"

Yaya Buba ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, ba ta ma yin zancensa a gabanmu. Mai hoto ne, a Kano ya koya, ya wuce Legas, daga can ya zarce Kwatano ya auri 'yar can. Rabonsa da gida tun rasuwar Baffanmu, shekara tara. Wasiƙa na zuwa, saƙo na zuwa, shi dai ba ya zuwa, kullum aiki ya yi masa yawa.

Ta ce, "Ki je ki zo min da shi. In ya ƙi, ki zo min da hotonsa na yanzu, babba, wanda zan iya gani. Idon nan ba zai jira ni ba."

Da na gaya wa Malam, maigidana, ya ce in dai da Hajiya Tabawa za a tafi ya yarda. Hajiya Tabawa kun san ta, mai saro atamfa da leshi, hanyar Kwatano kamar tsakar gidanta take. Inna ta haɗa min tsarabar da za a kai wa Yaya: daddawa ƙulli guda, kuka, busasshiyar kuɓewa, dakuwa, da man shanu a gwangwani. Na ce, "Inna, man shanu har Kwatano?" Ta ce in ɗauka in rufe mata baki.

Daga Azare zuwa Kano ba labari, fijo ce muka shiga, Jama'are, Birnin Kudu, Wudil, sai ga mu. A Kano muka hau doguwar bas ta Legas. Jama'a, ashe a cikin mota ma ana kasuwa! Ba mu kai Zariya ba wani ya miƙe da kwalba a hannu, wai maganinsa na basir ne, na ciwon baya ne, na mantuwa ne, har da na kishi. Yana zama wata mata ta tashi ta kama wa'azin coci da waƙa, rabin motar na amsawa. Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai kirki, da ta ga ina ta jan carbi sai ta ɓare lemo ta miƙo min. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma kafin Kaduna na san 'ya'yanta biyar, ta san nawa huɗu. A wani wajen cin abinci ta sa na sayi teba da jar miya. Loma ɗaya na kai, hawaye suka zubo, hanci ya kama yoyo, ita kuwa dariya har da buga cinya. A gadar Jebba rufe ido na yi ina salati har sai da Hajiya Tabawa ta ce mun haye.

Legas kuwa ban ga wanda yake tafiya ba, kowa gudu yake kamar an ce gobara. Na shiga ƙaramar bas na yi sallama na gaida mutane, ko wanda ya ɗaga kai babu. Hajiya Tabawa ta mintsine ni ta ce, "Nan ba Azare ba ne, riƙe jakarki." A Agege muka sauka, gidan wata 'yar uwarta, ɗaki ɗaya mu tara, duk mata 'yan kasuwa, daga Sakkwato, daga Maiduguri, har da wata 'yar Damagaram mai minshari. Ruwan wanka ma sayensa ake, ga layi a ƙofar banɗaki kowa da bokitinsa. Ni da nake da rijiya a tsakar gida, na ce oh ni Mairo, yau ga ni a layin wanka.

Washegari muka kama hanyar iyaka. A can aka ce kowa ya sauko da kayansa a buɗe. Da na ɗaga jakata sai na ji hannuna yana santsi. Man shanun Inna ya narke, ya bi zannuwana biyu da katin rigakafina, katin ya zama kamar takardar ƙosai. Wani mai kaki ya riƙe shi da yatsa biyu yana juyawa, sannan ya zura hannu a jakar ya kwance ƙullin daddawa. Wallahi sai da ya yi baya taku uku, ya toshe hanci yana kiran abokan aikinsa, ni kuwa na ce shi ke nan, a kan daddawa za a ɗaure ni a ƙasar mutane. Sai ga wani dogo ya taho, ya sunkuya ya shinshina, ya ce da Hausa tsantsa, "Hajiya, wannan ta wajen Katagum ce ko?" Ashe ɗan Misau ne. Ya ce shekara biyu rabonsa da miyar kuka ta kirki. Ya yi musu bayani suka yi ta dariya, ni kuma da za mu wuce na gutsura masa daddawar don Allah, ya karɓa da hannu biyu.

Muna haurawa duniya ta juye. Turancin ma wani iri ne, ta hanci ake yin sa, kuɗi sun koma sefa. Na ga kwalabe jere a bakin titi na ce wa Hajiya Tabawa mutanen nan akwai son man gyaɗa, ta ce fetur ne. Na ga namiji da burodi dogo kamar taɓarya, ba leda ba takarda, ya soke shi a hammata yana tafiya. Abin da ya fi kashe ni shi ne mata a kan babur, su da kansu suke tuƙawa, wata da goyo a baya da kwando a ka. Na ce innalillahi, da a Azare ne da an tara mutane.

A Zangon Kwatano Hajiya Tabawa ta samo wanda ya san gidan "Alhaji mai hoto", ta sa ni a tasi ta ce bayan kwana shida za ta biyo min. Gidan a bayan gari yake. Ina sauka na ji wata irin ƙara kamar ruwan sama mai ƙarfi na tahowa, na duba sama tas. Direban ya nuna bayan gidajen da baki ya ce teku ne.

Matar Yaya ta fito ta tare ni. Rafi'atu sunanta, ƙatuwar mace, baƙa, mai fara'a, sana'arta kifi banda, Hausarta irin ta Zango. Ta rungume ni kamar mun saba, ta ja ni falo. Ga Yayana zaune a kujera, farar riga, baƙin tabarau, gemu duk furfura. Ina yin sallama ya ce, "Mairo!" Na zabura zan faɗa jikinsa, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, auta. Afolo nake yi. Kada ki matso, kada kuma ki kalli idona, yanzu ki kwasa."

Kun san yadda muke tsoron afolo, ciwon jan idon nan, ana cewa da kallo ma ana ɗauka. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi ina kuka, kaina a ƙasa. Da na share hawaye na ɗaga kai don in kauce wa fuskarsa, sai idona ya faɗa kan bango.

Tabɗijam! Ni dai na shiga ɗakunan mata ba iyaka, na talaka da na mai hali, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba kwano ko ɗaya, ba kabet, ba kalanda, ba hoton Makka, ba na ranar aure. Gidan mai hoto guda, amma ba fuskar mutum a bango. Ruwa ne kawai, hoto bayan hoto, baƙi da fari, ko kala babu. Wani ruwan ya kwanta lumui, wani ya taso da kumfa, wani an yi hadari a kansa, wani da ɗan kwalekwale can nesa kamar ƙuda. Sun fi ashirin. Wai kuma a ƙasa aka rataya su, daidai kafaɗa, a layi ɗaya tun daga ƙofar shigowa, suka zagaye falon suka bi lungu har ƙofar tsakar gida. Firam ɗin ma ba biyu da suka yi kama: wannan na gora, wannan an naɗe shi da igiya, wannan an manna masa wuri irin na ado, wannan katako mai sassaƙa. Babba kusa da ƙarami, ƙarami kusa da dogo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ashe haka Yayana yake zaune, matarsa ko jere ba ta iya ba.

Da muka keɓe na ce mata, "Anti, ba a kawo ki da kayan ɗaki ba ne?"

Ta yi dariya ta ce tukwanenta na kicin, a nan ba a rataya abin cin abinci a bango.

"To hotunan nan fa? Ai sun yi ƙasa."

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Haka Alhaji yake so." Ta kawo wani zancen.

Na lura duk lokacin da Yaya ya tashi zai fita alwala, sai ya bi bango yana shafa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, son abinsa ne, yadda amarya ke shafa sabuwar samira.

Abinci kuwa, ranar farko Rafi'atu ta kawo min wani farin tuwo mai tsami a ganye, irin kafa, da miya. Na sa cokali na ɗago, sai ga ƙaguwa sukutum da ƙafafunta. Na yi ihu na watsar da cokalin, Yaya ya yi dariya har da tari. Washegari na karɓi kicin na yi tuwon masara da miyar kuka, na zuba ragowar man shanun da ya tsira. Yaya ya kai loma ɗaya ya tsaya. Ya ce, "Daddawar Inna ce." Ya ci gaba da ci har ya cinye.

A nan na isar da saƙo. Ya ce ba zai iya zuwa yanzu ba, aiki. Na ce to hoto. Ya ce sai idonsa ya warke. Ni kuma kun san ni, ba na iya haɗiye magana.

"Yaya, wane irin aiki ne shekara tara? Kwana biyu ina gidan nan ban ga ka fita shago ba. Inna makancewa take yi! Likita ya ce jijiya ce, ba magani. So take ta gan ka kafin ya rufe, kai kana nan kana shafa hoton ruwa!"

Rafi'atu ta ajiye kwanon da ke hannunta. Yaya ya ce a hankali, "Wanne ya fara tafiya?"

"Na hagu."

Ya ce, "Na hagu." Ya tashi ya bi bangonsa ya shige ɗaki.

Kwana na uku Juma'a ce. Rafi'atu ta tafi kasuwa da kifinta, wani dattijo maƙwabcinsu da suke kira Alfa ya biyo wa Yaya, suka tafi masallaci riƙe da hannun juna. Aka bar ni ni kaɗai da bangon nan. Ina jin nauyin maganar da na gasa masa, na ce bari in wanke laifina da abin da na iya. Na samo guduma da ƙusoshi a kicin, na ɗaure ɗankwali, na sauke hotunan kaf. Na goge gilasansu da tsumma, na ware manya daban, ƙanana daban. Na hau kujera na jera su can sama a bango ɗaya, mai fuskantar ƙofa, sahu uku, babban a tsakiya, ƙananan suna gangarowa gefe da gefe. Na ja tebur na kawo shi tsakiyar falo na shimfiɗa masa sabon zanena. Na ja baya na duba. Wallahi ya yi kyau, ko a gidan sarauta aka gani ba za a raina ba.

Na ji Alfa ya kawo shi ƙofa sun yi sallama. Na laɓe a gefe na yi shiru, so nake in ga farin cikinsa. Ya shigo ya miƙa hannun dama bango. Hannun ya sauka a kan siminti. Ya matsa gaba ya lalubi sama, ya lalubi ƙasa.

"Rafi'a?"

Ban amsa ba, har lokacin murmushi nake, Allah ya yafe min. Ga jere a gabansa, sahu uku, bai ko ɗaga kai ba. Ya saki bangon ya yi taku biyu, ya yi karo da teburin, ya dafe shi, ya juya ya nufi wani wajen da sauri kamar wanda ya ji kunya. Ta wajen ƙofar tsakar gida ce, inda akwai matakala uku. Kafin in buɗe baki ya tafi.

Ƙarar faɗuwarsa har yau tana kunnena. Na ruga na same shi a ƙasa, goshi ya fashe, jini na bin gemu, tabarau ya yi gefe ya karye. Na tallafo kansa, na kalli idon da aka hana ni kallo. Ba ja, ba kwantsa, ba afolo. Idanu ne a buɗe suna kallon bayan kaina.

"Yaya, ba ka gani?"

Ya ce, "Mairo, ina kika kai min hanyata?"

Na ɗora hannu a ka na kurma ihu. Maƙwabta suka shigo, aka aika kasuwa, aka kai shi wani ƙaramin asibiti aka yi masa ɗinki huɗu. Da Rafi'atu ta dawo ta ga bangon, ban taɓa ganin fushi irin nata ba. Ta zage ni da Yarbanci, ta zage ni da Faransanci, da suka ƙare ta dawo Hausa. Ta ja ni bango tana nuna min ramukan ƙusoshin da na zare.

"Nan na gora, ƙofa ke nan! Nan mai igiya, a juya kicin! Nan mai wuri, a tsaya, matakala! Ni na sa kafinta ya yi su daban daban, ni na auna da kafaɗarsa. Shekara huɗu bai faɗi a gidan nan ba, ko sanda ba ya riƙewa. Ke kwana uku!"

Na durƙusa na kama ƙafarta ina ba ta haƙuri. Matar da na raina don ba ta da kwano a bango, ashe ita ta san abin da bango yake yi.

Da la'asar Yaya ya kira ni, kansa naɗe da bandeji. Ya ce shi ma na hagun ne ya fara. Da farko masu zuwa ɗaukar hoto suka riƙa dawo masa da hotuna, wai fuska ta fito dishi-dishi, har ya rufe shagon. Likita ya gaya masa abin da aka gaya wa Inna. Daga nan kullum da safe sai ya rataya kyamara ya tafi bakin teku.

Na ce, "Me ya sa ruwa, Yaya? Ba ga matarka ba, ba ga mutane ba?"

"Fuska ta yi min ƙanƙanta, auta. Shi kaɗai ne girmansa ya isa idona. Kala kuma ta riga ta gudu, baƙi da fari suka rage min. Da hannuna na wanke su duka, na ƙarshen ma ban ga yadda ya fito ba, Rafi'a ce ta ce ya yi kyau."

Washegari muka mayar da su. Shi yake karɓar kowane firam ya shafa ya faɗi wurinsa, har ya gaya min abin da ke ciki, wannan ranar da aka yi hadari ne, wannan da asuba ne masunta na fita. Rafi'atu na bugawa, ni mai jeren Azare ina riƙe da ƙusoshi. Da aka gama ya bi layin tun daga ƙofa har matakala, ya tsaya cak a kan mai wuri, ya ce, "Yauwa." Rafi'atu ta dube ni ta ce in zo mu ci abinci, na san ta huce.

Sun kai ni na ga tekun da idona. Ban matsa kusa ba, ruwan da ba a ganin gaɓarsa ba abin wasa ba ne, ga shi yana tasowa yana komawa ba ya hutawa. Na ɗanɗana da yatsa na tofar, gishiri zalla. A bakin ruwan na sake roƙonsa ya biyo ni gida.

Ya ce, "Na bar Katagum da kyamara a wuya, in koma ana ja na? A gidan nan ni mutum ne, na san ko'ina. Can kuwa zaunar da ni za a yi a zaure ana zuwa ana min sannu. Inna kuma ta ji da nata, kada a haɗa mata biyu. Za a yi hoton. Amma ki yi min alkawari, Mairo, ba za ki faɗa mata ba."

Na yi masa alkawari.

Aka sayo sabon tabarau. Aka cire bandejin aka ja hula ta rufe ɗinkin. Ya sa babbar riga ya zauna a tsakar gida, Rafi'atu ta riƙe kyamararsa, yana gaya mata inda za ta tsaya da abin da za ta murɗa. Wani tsohon abokin sana'arsa ya wanke shi babba, ya kai faɗin faranti. Ya fito tsaf, ka ce wani attajiri. Ranar da Hajiya Tabawa ta biyo min, Yaya ya sa aka ciro min hotunan ruwa uku daga akwati, ya ce in rataya inda na ga dama, tunda ni idona biyu.

Dawowa ban ga komai ba, ban ji komai ba. Iyaka, Legas, gada, Kano, duk hoton na rungume a ƙirji ina maimaita ƙaryar da zan yi. Ko Azare ban kwana ba na wuce Katagum.

Da hantsi na isa. Inna ta amsa gaisuwata a gajarce ta ce, "Bai zo ba."

"Aiki, Inna. Amma ga shi, lafiyarsa ƙalau, ya ce a gaishe ki."

Ta karɓa ta fita bakin ƙofa inda rana take. Ta kawo shi daf da idon dama, ta bi shi a hankali daga hula har gemu. Ina tsaye ina addu'a kada ta hango ɗinkin.

"Ya yi furfura."

"Ya yi, Inna."

"Wannan baƙin gilashin fa?"

"Yayi ne a can, kowa shi yake sawa."

Ta sake matso da hoton.

"Wa ya ɗauka?"

"Matarsa."

"Tana yi masa magana lokacin?"

Na ce e, tana ce masa ya gyara zama.

Ta ce, "Shi ya sa ya ba ta kunne. Dubi yadda ya karkata kai. Ba fuska ya ba ta ba, Mairo, kunne ya ba ta. Ni ma wata uku ke nan haka nake yi muku, ba wanda ya lura."

Na duba hoton. Kwana uku ina rungume da shi ban gani ba, sai mai rabin ido ta nuna min. Na zauna a dokin ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu, Inna."

Ta ɗora hoton a cinya ta rufe shi da tafin hannu. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba, ba ta kuma ɓoye min ba, abin da ban taɓa gani ba tun da ta haife ni. Can ta ce in koma Azare yau ɗin nan, in gaya wa Hajiya Tabawa tafiya ta gaba ta kama kujera uku.

Na ce, "Inna, kwana uku ce fa a mota! Ga Legas, ga iyaka, ke da ko Kano sai da muka kwantar da ke a mota. Bari in sake komawa in lallashe shi ya zo."

Ta ce, "Ya zo ya ga wa? Ku bar shi inda ya san hanya. Ni ce mai sauran ido. Ki kai ni tun bai rufe ba, ko ɗayanmu ya ga ɗaya."